Ƙarfin Doki da Ƙarfin Murɗa a Injin Motar A-kori-kura

1.0 Gabatarwa

A tashoshin mota da manyan kasuwannin hatsi na ƙasar Hausa, irin su Dawanau da Maigatari da Illela, babban yabon da ake yi wa motar ɗaukar kaya shi ne a ce "tana da ƙarfi". Da wannan kalma ɗaya mai saye da dillali da direba da bakanike suke ciniki, alhali kuwa kowannensu da abin da yake nufi. Dillali yakan nufi adadin da kamfani ya rubuta a takardar mota. Direba yakan nufi yadda motar take tashi da lodi ba tare da ta mutu a hannunsa ba. Mai mota kuwa lissafinsa shi ne buhu nawa za ta ɗauka a sawu ɗaya. Wannan saɓani yana jawo asarar dukiya, wani lokaci ma har da ta rai, domin mutum yakan sayi mota yana sa ran abin da ba a ƙera ta dominsa ba.

Kalmar "ƙarfi" a Hausa tana ɗauke da ma'anoni biyu waɗanda masana kimiyyar injuna suka raba, suka ba kowanne ma'auninsa. A wannan babi za a kira na farko ƙarfin murɗa, na biyu kuma ƙarfin doki, sannan a duba abin da ya kamata a sa rai da shi daga kowannensu a injin a-kori-kura, wato ƙaramar motar nan mai gidan direba a gaba da buɗaɗɗen bodi a baya. Ɗaliban ginin kalma za su lura cewa sunan nata harɗaɗɗiyar kalma ce mai siga ɗaya da a-daidaita-sahu da a-ci-balbal, inda aka mayar da jimla sukutum ta zama suna.

2.0 Ƙarfin Murɗa

Idan taya ta yi faci, direba yakan ɗauko sifana ya kama noti ya murɗa. In notin ya ƙi, sai ya zura dogon bututun ƙarfe a hannun sifanar, ya danna a can ƙarshensa, nan take notin ya saki. Ƙarfin damtsen direban bai ƙaru ba, tsawon hannun sifanar ne ya ƙaru. Ke nan ƙarfin murɗa ya ƙunshi abu biyu: nauyin dannawa da kuma nisan wurin dannawar daga tsakiyar abin da ake juyawa. Ana auna shi da niyuton-mita, a taƙaice Nm. Idan aka rataya nauyin kilo 10 a ƙarshen sifana mai tsawon mita ɗaya da ke kwance, an samar da ƙarfin murɗa na kimanin Nm 98.

A cikin injin mota haka abin yake. Mai yana ƙonewa a cikin silinda, iskar da ta yi zafi ta kumbura ta danna fistin ƙasa, fistin kuma ya murɗa karanshaf kamar yadda ƙafar mai keke take murɗa feda. Wannan murɗawa ita ce take ratsa kuloci da giya da farfela har ta isa tayoyi. Abin da direbobi suke kira "ja" shi ne ya fi kusa da wannan ma'ana.

Abin lura shi ne, ƙarfin murɗa bai san lokaci ba. Mutum zai iya tsayawa a kan sifana da dukkan nauyinsa na tsawon sa'a guda, notin bai motsa ba. Ya yi murɗa mai yawa, amma bai yi aikin komai ba.

3.0 Ƙarfin Doki

Ma'auni na biyu shi ne mai shigo da lokaci cikin lissafi, wato yawan aikin da aka gama a cikin wani ƙayyadadden lokaci. Asalinsa daga James Watt ne, injiniya ɗan ƙasar Sikotilan wanda ya rayu daga 1736 zuwa 1819. A zamaninsa dawaki ne suke juya injunan niƙa da na zuƙo ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai. Da ya so sayar da injinsa mai aiki da tururi, sai ya ga masu masana'antu ba za su gane amfaninsa ba sai an gaya musu dawaki nawa zai maye gurbinsu. Saboda haka a shekarun 1780 ya ƙiyasta aikin doki ɗaya, ya tsayar da shi a kan ɗaga nauyin fam 33,000 zuwa tsawon ƙafa ɗaya a cikin minti ɗaya. A ma'aunin yau, wannan daidai yake da ɗaga kilo 76, wato kimanin kashi uku cikin huɗu na babban buhun masara, zuwa tsawon mita ɗaya a cikin daƙiƙa ɗaya. Daga baya aka sa wa ma'aunin kimiyya sunan Watt ɗin, ga shi kuma doki ɗaya yana daidai da wat 746. Shi ya sa takardun motoci suke kawo adadin da doki ko da kilowat.

Misalin rijiya zai fayyace dangantakar ma'aunan biyu. A ɗauka makiyaya biyu suna shayar da dabbobi. Na farko yana da ƙaton guga, yana ja a hankali. Na biyu gugansa ƙarami ne, amma hannunsa da sauri, kafin na farko ya ja sau biyu shi ya ja sau huɗu. Girman guga shi ne ƙarfin murɗa, yawan ja a minti shi ne saurin juyin inji, ruwan da ya taru a kwami kuwa shi ne ƙarfin doki. Yana yiwuwa a ƙarshen sa'a a tarar ruwansu ɗaya, sai dai na biyu ba zai kamo na farko ba sai in bai sassauta hannu ba.

A lissafi, idan aka ninka ƙarfin murɗa da yawan juyin inji a minti, aka raba da 9,549, abin da ya fito shi ne kilowat. Ma'aunan biyu ke nan ba kishiyoyi ba ne, ɗaya daga ɗaya yake fitowa. Duk wanda ya faɗi adadin doki ko na niyuton-mita bai faɗi a juyi nawa ake samunsa ba, rabin magana ya yi.

4.0 Injuna Uku a Jikin Mota Ɗaya

Motar Hilux ta kamfanin Toyota, wadda ta fara fitowa a Jafan a 1968, ta zama sananniya daga titunan Kano har zuwa hanyar rairayi da ta tashi daga Agadas zuwa Dirku. Samfurin da ya fito a 2015 an sayar da shi da injuna daban-daban, kuma kwatanta su yana koyar da darasin nan fiye da kowane bayani. Adadin yakan ɗan bambanta daga wata ƙasa zuwa wata, amma ba da yawa ba.

Injin fetur mai lita 2.7 yana ba da kilowat 122, wato doki 164, a juyi 5,200 a minti. Ƙololuwar murɗarsa Nm 245 ce, a juyi 4,000. Injin dizal mai lita 2.4, wanda yake shan man da direbobin Nijeriya suke kira gas, na Nijar kuma gazuwal, yana ba da kilowat 110, wato doki 148, a juyi 3,400. Murɗarsa kuwa ta kai Nm 400, kuma ana samunta tun daga juyi 1,600 zuwa 2,000.

Wanda ya dubi adadin doki kawai zai ce na fetur ya fi, tun da 164 ya ɗara 148. Amma direban da ya ɗauko lodi daga kasuwa ba a juyi 5,200 yake tafiya ba. A wannan juyi inji kururuwa yake yi, allurar mai kuma tana sauka ana kallo. Yawancin aikin yini ana yin sa ne a wajajen juyi 2,000. To, a wannan juyi na dizal yana da Nm 400 cif, wanda bisa lissafin da ya gabata ya ba da kilowat 84, ko doki 112. Na fetur kuwa, ko da an yi masa alfarma an ba shi dukkan Nm 245 ɗinsa a wannan juyi, abin da ba ya samu sai ya kai 4,000, ba zai wuce kilowat 51 ba, wato doki 69. Ashe a inda ake aikin, injin da ya yi kasa a takarda shi ne ya fi ɗaya da fiye da rabi. Wannan shi ne abin da direba yake ji a jikinsa idan ya ce na gas ya fi ja, kuma gaskiyarsa ce. Na fetur zai iya hawa tudun da na dizal ya hau, har ma ya riga shi, amma sai an sauke masa giya an bar shi ya yi ihu, kamar mai ƙaramin guga.

Sai dai akwai kuskuren da ya yaɗu, cewa kowane injin dizal ya fi na fetur murɗa. Injin na uku ya ƙaryata haka. Tsohon injin dizal na Toyota mai lita 3.0, wanda ake kira 5L-E, wanda kuma aka daɗe ana sa wa motocin da ake kawowa Afirka saboda sauƙin gyaransa, murɗarsa kimanin Nm 197 ce kawai, dokinsa kuma bai kai 110 ba. Ya fi sauran biyun girma, amma ya gaza na fetur a ma'auni biyun duka. Gaskiya ne injin dizal, wanda Rudolf Diesel ya samar da mai aiki na farko a Jamus a 1897, yana matse iska fiye da na fetur, har zafin matsin ya kunna mai ba tare da fulogi ba, kuma wannan ne ya sa ya fi tsimin mai. Amma asirin Nm 400 yana ga na'urar cusa iska, wadda makanikai suke kira tobo. Hayaƙin da zai fita ta salansa ne yake juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya wata da take ɗura iska cikin silinda fiye da yadda injin zai iya shaƙa da kansa. In iska ta yawaita, sai a ƙara mai, dannawar da ake yi wa fistin ta ƙaru. Injin 5L-E ba shi da wannan na'ura.

5.0 Aikin Giya da Lissafin Hawan Tudu

Nm 245 ko 400 ba za su iya motsa mota mai tan uku ba in da kai tsaye za a haɗa inji da taya. Giya ce take yin aikin dogon bututun nan da aka zura wa sifana. Alal misali, a giya ta ɗaya inji yakan juya kamar sau huɗu kafin farfela ta juya sau ɗaya, a aksul na baya kuma a sake ragewa kamar sau huɗu. Ke nan inji ya juya sau 16 kafin taya ta juya sau ɗaya, murɗar da ta isa taya kuma ta ninku sau 16, ban da ɗan abin da gugar ƙarafa ta cinye a hanya. Motoci masu jan ƙafa huɗu suna da giyar taimako wadda take sake ninka wannan kamar sau biyu da rabi, a kai wajen sau 40. Da ita ake fita daga rairayin Yusufari ko taɓon damina, ana tafiya kamar ta hawainiya.

Giya tana ninka murɗa, amma ba ta ƙara doki ko ɗaya. Abin da ta bayar a ja, ta karɓe shi a gudu. Wannan ne ya sa tsofaffin a-kori-kura na Peugeot, samfurin 404 da 504, waɗanda masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta harhaɗa, suka yi shekaru suna jigilar gyaɗa da auduga da 'yan kasuwa a hanyoyin karkara da injunan da ba su kai doki 100 ba. Suna hawa kowane tudu, illa dai a giya ta biyu ko ta ɗaya, yaron mota kuma yana riƙe da weji ko da za a tsaya.

A nan ne ƙarfin doki yake karɓar haƙƙinsa, domin shi ne yake yanke saurin da za a hau tudun. A ɗauki mota da nauyinta da na kayanta ya kai tan 3, tana hawan tudun da yake ɗagawa mita 10 a kowace mita 100. Hawan kawai, ban da turjiyar iska da ta tayoyi, yana buƙatar kimanin doki 33 idan ana tafiyar kilomita 30 a sa'a. A kilomita 60 yana buƙatar doki 66, a kilomita 90 kuma kusan doki 100. Babu giyar da za ta canza wannan lissafi. Mai son ya wuce tirela a kan tudu da lodi a bayansa doki yake nema, mai son ya tashi daga tsaye a tsakiyar tudun ba tare da ƙona kuloci ba kuwa murɗa yake nema a ƙaramin juyi.

6.0 Tseren Adadi a Amurka

Babu ƙasar da a-kori-kura ta samu gata kamar Amurka, inda jerin motocin F na kamfanin Ford suka riƙe kambin ciniki a tsakanin motocin ɗaukar kaya tun 1977. A can manyan a-kori-kura jan tirela suke yi, ta dawaki ko jirgin ruwa ko gidan tafi-da-gidanka, don haka kamfanoni suka mayar da adadin murɗa abin tsere. A 1989 motar Dodge Ram ta fito da injin dizal na Cummins mai lita 5.9, doki 160 da murɗar kimanin Nm 540, aka yi ta mamaki. A 2019 Ram ta kai fam-ƙafa 1,000 a ma'auninsu, wato kimanin Nm 1,356. A 2023 kuma Ford ta fitar da injin lita 6.7 mai doki 500 da Nm 1,627, ninki huɗu ke nan na Hilux mai lita 2.4. A tsakanin haka, a 2022, aka fara sayar da F-150 Lightning mai aiki da lantarki, wadda murɗarta ta kai kimanin Nm 1,050 kuma ana samunta tun daga tashi, sai dai jan kaya mai nauyi yana rage nisan da batirinta yake kaiwa ƙwarai.

Matashin da ya ga waɗannan adadi a intanet yakan raina motar gidansu, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. Tarihin Amurkan ma yana da gargaɗi game da adadin takarda. Kafin 1972 kamfanoninsu suna auna inji tsirara, ba matacin iska, ba salansa irin ta mota, ba sauran na'urorin da yake juyawa. Da aka koma auna shi da kayansa a jiki, sai adadin doki ya faɗi warwas a takarda, ko a injunan da ba a taɓa komai nasu ba.

7.0 Abin da ke Rage Ƙarfin Kafin Ya Isa Ƙasa

Adadin da kamfani ya bayar na sabon inji ne, an auna shi a bakin karanshaf, a iska mai matsakaicin zafi irin ta gaɓar teku. Kafin ya isa taya, giya da farfela da aksul sukan ci wajen kashi 15 cikin ɗari. Bugu da ƙari, iska tana sirancewa idan aka yi sama. Injin da ba shi da tobo yana asarar kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, doki 164 ya koma wajen 144. A tsaunin Mambila, inda ake kaiwa mita 1,600, asarar ta fi haka. Direban da ya hau zuwa Gembu ya ji motarsa ta yi sanyi, sau da yawa ba abin da ya lalace, numfashi ne ya yi mata kaɗan. Mai tobo ba ta cika jin wannan ba, domin na'urar tana cike giɓin. Zafin bazara ma yana rage ƙarfin kaɗan, ƙurar hunturu kuma tana toshe matacin iska.

Ga kuma tsufa. Yawancin a-kori-kura da ke hannun 'yan kasuwa na hannu ne, wasu sun ci dubban ɗaruruwan kilomita kafin su iso. Ringin fistin da ya cinye yana barin matsi ya zurare, nozul da gurɓataccen mai ya ɓata ba ya fesa mai daidai. Baƙin hayaƙin da wasu direbobi suke ɗauka alamar ƙarfi ce, har su sa bakanike ya buɗe wa famfo mai, man da bai ƙone ba ne, wato kuɗi ne suke fita ta salansa.

Kamfanoni su kansu sukan daƙile murɗar inji da gangan. Injin Hilux mai lita 2.8 da aka inganta a 2020 yana ba da doki 201, murɗarsa kuma Nm 500 ce a mota mai giyar otomatik, amma a mai giyar hannu an tsayar da ita a Nm 420. Inji ɗaya ne, abin da kuloci da haƙoran giya za su iya jurewa ne ya bambanta. Wanda ya sa aka taɓa kwamfutar injinsa don a ƙara masa ja, ya san cewa kuloci ne zai fara biyan bashin.

8.0 Inji Yana Ja, Birki Yake Tsayarwa

Mafi hatsarin zato shi ne auna lodi da ƙarfin inji. A-kori-kura irin Hilux nauyinta kusan tan 2 ne, kuma an ƙera ta ta ɗauki kimanin tan ɗaya, a ciki har da direba da fasinjoji. Wato buhu goma ke nan na masu kilo 100, ko ƙasa da haka. Wannan iyaka daga shasi da sifirin da aksul da tayoyi da birki ta fito. Injin zamani mai Nm 400 zai tashi da buhu ashirin ba tare da ya nuna gajiya ba, kuma a nan yaudarar take. Tsohuwar 404 takan yi kuka ta gaya wa direba cewa kaya sun yi yawa, sabuwar mota kuwa shiru take yi. Ƙarin ganyen sifirin da ake yi a gareji yana hana bodi zama a kan taya, amma bai ƙara wa birki komai ba.

Birki aikinsa mayar da gudu ya zama zafi. Motar da aka loda ta kai tan 4 maimakon 3 tana ɗora wa birkinta ƙarin sulusin zafi a kowane tsayawa, idan kuma gudu ya ninka biyu, zafin ninkuwa yake yi sau huɗu. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, direban da ya dogara da birki kaɗai yakan taka ya ji feda ta yi laushi, saboda ƙarafan sun yi zafi har man birki ya tafasa. Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce a sauka tudu da giyar da aka hau shi da ita, domin inji ya riƙe motar, birki ya huta. A nan ma injin dizal, duk da yawan murɗarsa, riƙonsa a gangara bai cika kai na fetur mai girmansa ba, shi ya sa ake sa wa manyan motocin dizal birkin salansa. Ƙananan a-kori-kura galibi ba su da shi, don haka direban mai gas ya fi kowa buƙatar sauke giya tun daga kan tudu, kafin motar ta ɗauki gudu.